Bishiyar Shayin da Ta Ƙi Ba Ni Iri

Wautar da na tafka da furfura a kaina ko yaro ba zai yi ta ba. Ni ne na ɗaura niyyar noman ganyen shayi a Minna, garin da zafin bazara ke narkar da kwalta.

Tun ina saurayi nake sayar da shayi a Dutsen Kura, amma ban taɓa ganin bishiyarsa ba. A wajena, a cikin kwali yake tsirowa. Sai wani direban tirela da ke karyawa a teburina ya kawo mini dashe ɗaya daga tsaunin Mambila, ƙasar sanyi inda ake nomansa. Na kai ƴar gonata ta bakin dam ɗin Tagwai, na dasa a inuwar mangwaro. Ni da maiɗakina Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka duk tarairayar da ta taru mini kan wannan ƴar bishiya ta ƙare. Burina ta ba ni iri, in samu shayin da ya saba da zafin garin nan, ko bayan raina a ce wane ne ya kawo shi.

Bayan wasu shekaru ta yi fure, fari fat, tsakiyarsa rawaya kamar gwaiduwa. Na cika gari da labari. Furen ya yi kwanakinsa ya zube, ko ɗa ɗaya bai ƙulla ba. Na tsige gashin kaza ina shafa wannan fure ina kai wa wancan, ƙato da ni ina aikin zuma. A banza.

Wani malamin gona da ke zuwa shan shayi ya ce, "Baba, furenta akwai namiji akwai mace, amma ba ta karɓar garin furen jikinta. Sai ka samo mata wata bishiyar."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Mambila da nisa, direban nan kuma ya rasu. Sai na yanki rassanta na kafa a gefe, na yi ta ɗawainiya har biyu suka kama. Ni a dole na yi wa ƴan boko wayo. Na sake jiran shekaru. Duka suka yi fure tare, duka suka zubar.

Da na kai malamin ya gani, dariya har da riƙe ciki.

"Haba Baba! Reshenta ai ita ce. Ka tsaga mutum uku, ka ce ka tara jama'a?"

"To ba sai ka faɗa tun farko ba, Malam?"

"Ka tambaye ni?"

Ban tambaya ba kam.

Bazarar bara ta kashe ƙananan biyu. Uwar ma ganyenta ya fara ƙonewa daga baki, gwiwoyina kuma sun daina yarda da bokiti. Ko yau aka kawo mini wani dashe, kafin ya isa fure ba ita, wataƙila ba ni.

Duk da haka ranar nan na ɗauki bokiti zan fita. Maiɗakina tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce:

"Ƙyale ta ta huta, Malam. Mu ma haka muka yi furenmu muka gama, ba mu bar kowa ba."