Dattijo Mai Auna Tanki

A shagon tankunan ruwa wani dattijo yana tsugune, busasshiyar laka a dugadugansa. Da tef ɗin tela yake auna wani gajeren tanki mai ƙaton ciki, yana rubutu a kwali, bakinsa na motsi: rabin faɗi sau rabin faɗi, sau uku da 'yan kai, sau tsayi.

"Baba, ga dogo can, ya fi cin ruwa," in ji mai shago.

Ko ɗagowa bai yi ba. "Bara dogon na ɗauka, ɗana. Tumatir na cikin fure ruwa ya ƙare."

Ina jin asarar ce ta koya masa lissafin nan da furfurarsa. Ya sake aunawa, sannan ya shafa cikin gajeren kamar mai taya saniya.