Layar da Aka Gani a Keken Baba

Shekarar da soja suka yarda za su koma bariki, Babanmu ya tsaya takarar kansila. Amininsa, Alhajin da muke katanga ɗaya da shi a Gyaɗi-Gyaɗi, shi ma ya fito a wata jam'iyyar. Suna gaisawa dai, amma gaisuwar ta rage tsawo.

Ni kuwa aikin kammala makarantar fasaha ne ya sha mini kai, wato na'urar auna gudun taya. Maganaɗisu ake ɗaurawa a wayar taya, duk sanda ya gifta gaban wani ɗan makunni sai allon na'urar ya ƙirga. A keken Baba na yi gwaji. Salatif ya ƙi riƙe maganaɗisun, sai na ɗinke shi cikin guntuwar jar fata. Da na gama na kwance sauran kayan, shi na bar shi a jiki.

Washegari na dawo daga sayen batir a Tarauni, na tarar da ƙofar gidanmu maƙil da maza. An kifa keken, Baba yana nuna fatar da tsinke. Alhaji na tsaye, fuska ba annuri.

"Laya a kekena!" in ji Baba. "Alhaji, wa ke shiga zaurena in ba kai ba? A kan kujerar kansila za ka sabauta ni?"

Yaya 'ya mace za ta ƙaryata ubanta a bainar jama'a? Amma har wani ya tafi ɗauko Alƙur'ani a yi rantsuwa.

"Baba, nawa ne," na ce.

Ba wanda ya yarda, wai rufa wa maƙwabci asiri nake yi. Na ɗauko na'urar na ɗaura, na murza feda. Allo shiru. Na matso da makunnin dab da fatar, na sake murzawa, sai lambobi suka fara hawa.

Alhaji ya sunkuya ya daɗe yana kallo. "Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya ce. Bai dubi Baba ba, ya shige gida.

Na'urata ta yi aiki, amma ban taɓa jin haushin aikin hannuna kamar ranar ba. Da yamma Baba ya sa Inna ta yanka kaza, aka aika gidan Alhaji a langa. Langar ta dawo da nauyinta, ko murfin ba a ɗaga ba.