Kwalaben Iskar Malam a Hanyar Gona

Muna idar da sallar asuba muka hau kekunanmu daga Tofa, ni da wani aminina, tsohon malamin makaranta. Gonarsa muka nufa, can wani ƙauye arewa da gari, wadda rabonsa da ita tun kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi bara. Ya warware, alhamdu lillahi. Yana tafiya, yana tuƙa keke, har gardama yana yi mini kamar da. Sai dai kwanakin baya taya ta sace masa a hanya, sai da aka je da mota aka ɗauko shi. Daga nan babban ɗansa ya durƙusa ya ce, cikin ladabi amma ba da wasa ba, in aka sake haka, ko kuma ya zama sai wani ne zai gyara masa, keken zai koma ɗakin ajiya a sa kwaɗo. Malam kuwa da keken nan yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa majalisa, da shi yake zumunci.

Ni na ɗaure tsohon famfona a jikin keke, famfon da ya girmi rabin angwayen bana. Shi kuwa sai ya nuna mini wasu 'yan kwalaben ƙarfe guda biyu, kowace ba ta fi babban yatsa da yawa ba. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya kawo masa daga birni. Iskar gas ce a matse a ciki. Ka ɗaura a bakin bawul, ka murɗa, taya ta cika. Amma kowace kwalba sau ɗaya take aiki.

Na ce, "Malam, iskar da Allah ya baza kyauta daga nan har Gabas, ita ka sa aka ɗura maka a kwalba?"

Ya ce, "Kai ma ruwan leda kake saya, ga rijiya a tsakar gidanka."

Mun bar kwalta da wuri muka kama hanyar burji. Jama'a, damina ta yi kyau a yankin nan. Gero ya fitar da kai, dawa ta yi tsawon da in ka shiga da rakumi sai an yi cigiyarsa. Babu inda aka bari fili, gona na jingine da gona, gyaɗa da wake sun cike tsakanin kunya. A wani ƙauye muka tsaya shan koko. Ƙosan nasu da daɗi, amma tsadar mai ta rage masa jiki, har sai da na nemi aron tabaran Malam kafin na ga nawa. Dafaffiyar gyaɗa ce dai har yanzu ake zuba wa baƙo da hannu sake.

Daga nan hanya ta zama burtali, irin wanda manoma ke jera rassan ƙaya a gefensa don kada dabbobi su shiga shuka. Nan tayar bayan Malam ta ce ga garinku. Ya sauka, ya kifa keken, ya zare tub da gindin cokali, ya ga inda ƙaya ta shiga, ya goge, ya shafa sholisho, ya manna faci. Sannan ya ɗaura kwalbar farko. Wallahi ban gama gyara hulata ba taya ta yi tauri kamar dutsen niƙa. Kwalbar ta yi sanyi har da farar raɓa a jikinta. Na taɓa, na ce a ba ni ita in jefa a randa.

Ba mu yi nisa ba tayar ta sake kwantawa. Ashe ƙayar ba ɗaya ba ce, akwai wani hujin da ido bai gani ba. Nan ne aibin kwalba ya fito. Mai neman huji iska kaɗan yake so, ya tsoma tub a ruwa, ya ga inda kumfa ke tashi, ya sake bugawa, ya sake dubawa. Kwalba kuwa saura guda, in ta tafi a neman huji, babu ta cika taya.

Na kwance famfona na miƙa masa da taƙama, bakina cike da maganar da na tanada tun daga gida. Ya karɓa, ya danna, sai famfon ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Sai a lokacin na lura da hannunsa na dama. Yana riƙe kan keke lafiya, amma yatsun ba sa damƙewa da ƙarfi. Maganar nan tawa ta koma ciki. Ashe abin da nake ta yi wa dariya tun asuba, shi ne kaɗai hanyar da mutumin nan zai cika taya ba tare da ya roƙi kowa ba.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ɗan ne. Ya mayar. Na kai hannu zan karɓi famfon.

Ya ce, "Bari, Alhaji."

"Wa zai sani? Daga ni sai dawa."

"Zai tambaye ni. Ni kuma ban taɓa yi wa yaron nan ƙarya ba, ba zan fara a kan tub ba."

Sai na koma gindin wata ɗorawa na zauna. Ban taɓa aikin da ya ba ni wuya irin wannan zaman ba. Wani manomi da ke cirar ciyawa kusa ya kawo mana ruwa a kwano, shi ma ya ce a kawo ya buga. Na ce masa ya zo mu zauna tare, yau mu 'yan kallo ne. Malam ya tokare gindin famfon da saiwar bishiya, ya danne shi da gwiwa, ya riƙa bugawa da hagu. Tub da ke waje ba ya son ƙarfi sosai. A hankali ya kumbura. Ya bi shi cikin kwano gaɓa gaɓa, gumi na ɗiga daga gemunsa, har kumfa ta taso kusa da bawul. Ya yi faci, ya sake tsomawa sau biyu, ya shafa cikin tayar da yatsa ya zaro ɗan tsinin ƙayar da ya rage. Sannan ya yi bismilla ya murɗa kwalbar ƙarshe. Taya ta tashi, ta tsaya. Manomin ya ce ma sha Allah, ni kuwa na ce ai famfona ne ya yi rabin aikin, a rubuta.

Mun isa gonar rana ta ɗaga. Malam ya shiga cikin dawarsa ya daɗe, ni ban bi shi ba. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya ce ƙaiƙayi ne. Na ce ƙwarai, ƙaiƙayin bana da zafi yake. Matar mai kula da gonar ta aiko mana da fura mai sanyi, na sha har sai da kekena ya yi ƙorafi a hanyar dawowa.

Da la'asar muka shigo gari. Ɗan yana tsaye a ƙofar gida. Ya gaishe mu, ya karɓi keken, ya ga laka da tabon sholisho a hannun mahaifinsa.

"Baba, faci kuka yi?"

"Biyu."

Yaron ya kalle ni. Na ɗaga tafukana, fes, babu ko ɗigon baƙi.

Abin da na koyo a tafiyar nan, jama'a: mai bin hanyar ƙaya kada ya fita da kwalba ita kaɗai, don ba ta neman huji. Mai raunin hannu kuma kada famfo kaɗai ya zama abin dogaronsa. A ɗauki duka biyun, ba su da nauyi. Sannan akwai taimakon da ake yi da zama a gindin bishiya.

Yaron dai ya sunkuya kan keken. Ya danna tayar da babban yatsa, ya tura keken cikin zaure, ya juya shi, ya jingine shi yana fuskantar ƙofar fita.