Kwanon Inna Ardis

A garinmu na arewacin Minnesota, a da, ba a mayar da kwano ta hannun ɗan aike. In maƙwabciya ta kawo abinci, matar gida ce za ta mayar da kwanon da ƙafarta, da ɗan wani abu a ciki, ta zauna a sha kofi. Yau robar zuba abinci da ake yarwa ta kashe al'adar.

Ardis Tollefson ta yi aikin girki a makarantar firamare har ta yi ritaya, sannan ta riƙe kicin ɗin majami'armu. Gajera ce, bakinta ba linzami, kowa Inna yake ce mata.

Ita ta fara lura da Noreen, matar Wendell Haugen, shugaban mawaƙan majami'armu. Wendell bai taɓa dukanta ba, dukanmu muna yabonsa. Amma ko sukari aka miƙa wa Noreen, sai ta dubi mijinta tukuna. Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Ku yi haƙuri da ita, kanta ba ya riƙe komai." Ta bar tuƙi, ta bar ziyara.

Sai Ardis ta kai musu gasasshen dankali da nama. Ran Lahadi ga Wendell da kwano a ƙofar majami'a.

"Au, kai ne matar gidan yanzu?" in ji Ardis a gaban jama'a. "Ina zanenka? Mayar, ɗan nan, matarka ta kawo."

Aka kwashe da dariya. Dole ya bar Noreen ta zo. Daga nan kwanon bai huta ba, yana zuwa yana dawowa.

Wata rana Noreen ta ce, "Inna, ina jin hankalina ya fara taɓuwa. Kullum ina ɓatar da makulli, sai shi yake gano su."

"A ina yake gano su?"

"A inda na riga na duba," in ji Noreen.

"Yarinya, kek ɗin nan da kika kawo min, sau ɗaya kika ɗanɗana nawa, kika yi shi daidai, har kirfar. Mai taɓin hankali ba ta haka. Tun yaushe kika fara mantuwar? A gidanku ma haka kike?"

"A'a."

Ardis ba ta ce ta bar shi ba. Ta dai faɗa mata akwai gidan da ke karɓar matan da suka gudo daga mazajensu a birni, kuma motarta tana da mai ko yaushe.

Da bazara Noreen ta dawo da kwanon, da jaka a ɗaya hannun.

"Yau babu komai a ciki, Inna."

"Ajiye shi. Ɗauko min takalmina."

Yanzu Noreen ce ke riƙe da kicin ɗin majami'a, da motarta take zuwa. Ardis na zaune a kujera tana ce mata gishiri ya yi yawa.

"Bai yi ba," in ji Noreen, ko waiwaye ba ta yi.