Muciyata da Sandar Fareti

Ɗiyata tana aji huɗu aka zaɓe ta ta riƙe sanda a gaban masu ganga. Makarantarsu a Damba take, kusa da mu, har muna jin kiɗan daga tsakar gida. Malamar da ke koya musu fareti 'yar kudu ce, Kirista, an ce tun tana jami'a take juya sanda a gaban 'yan badujala. Ita ta dubi yarinyar ta ce wuyan hannunta na da laushi.

Ni ban yi murna ba. Sandar nan tsayinta ya kai ƙirjinta, kanta ƙarfe ne, kuma sama ake cilla ta. Ni kuwa ko dakali yaro ya hau sai gabana ya faɗi. Amma da na ga yadda take tafiya daga ɗaki zuwa madafa, kai a sama, tana buga ƙafa, sai na haɗiye maganata.

Ba a ba su sandar su zo da ita gida, don haka muciyata ta shiga uku. In zan tuƙa tuwo sai na bi ta bayan ɗaki na ƙwato. Inna, uwar mijina, ta zo daga Nahuce ganin likita ta ɗan zauna mana, kullum tana kan tabarma tana kallo.

"Ke wagga ɗiya," in ji Inna, "abin da aka tuƙa muna tuwo da shi kike jifa sama?"

"Inna, ai cafewa nike."

"Na ga cafewa. Kazar can da ke ɗingishi ma ta gani."

Ana saura kwanaki a yi wasannin makaranta yarinyar ta dawo ta ƙi cin abinci. Da ƙyar ta gaya mini. Sandar na yawan kuɓuce mata, Malama ta ce in ta sake faɗuwa a gwajin ƙarshe za a ba wani ɗan aji shida, ita ta koma layin masu tuta. Ba faɗa aka yi mata ba. Malama ta ce ba za ta bari ƙarfe ya fasa wa yarinya kai a gaban iyaye ba.

Da na bi son raina, da na ce alhamdu lillahi. To amma a gida ta daɗe da daina yar da muciya, na gani da idona. Me ke faruwa a makaranta?

Washegari na goya ƙaninta, na je na tsaya inda katangar makarantar ta gajarta. Ban daɗe ba na gane. A gida riga da ɗankwali take sawa. A can hijabinta har gwiwa. Tana ɗaga hannu sai ya tashi tare da ita, bakinsa ya naɗe gindin sandar.

Cire hijabi ba magana ba ce, ba wurina ba, ba wurin ubanta ba, ba wurinta ba. Na jira aka tashi, na tari Malama, duk da ban saba magana da malamai ba.

"Maman yarinya, ni ma na gani," ta ce da Hausarta ta kasuwa. "Na sa mata fil, yana ɓallewa. In kina da dabara ki kawo, ni zan kai wa hedimasta."

Na ari keken ɗinkin maƙwabciyata. Na yanka hijabin ta gefe biyu, na fitar masa da hannu, na zura roba a wuyan hannun. Jifan farko ya yage a hammata. Yarinya ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Na ce cire ki ba ni. Inna, da ke ta mita, ita ta zauna tana warware mini ɗinkin da reza, ni ina ƙara ƙyalle a hammatar. Na uku ne ya zauna. Tsawonsa na nan, ya rufe abin da ya kamata, amma hannu ya sami hanya.

Hedimasta ya juya shi gaba da baya, ya ce a gwada. A gwajin ƙarshe sandar ba ta taɓa ƙasa ba.

Ranar wasannin na yi niyyar rufe ido in ta zo jifa. Da ganguna suka matso, na hango ta a gaba cikin ɗinkina, sai na ƙi. Na ƙura wa tafin hannunta ido, ban bi sandar sama ba. Hannun ya buɗe, ya jira, sandar ta dawo ta zauna a ciki, ƙafarta ba ta saɓa wa kiɗa ba.

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ki bar mata muciyar nan," ta ce. "Ki nemi wata."