Zoben da Malam Sammani Bai Miƙa Ba

Malam Sammani maƙerin azurfa ne a Ƙofar Guga. A rumfar mahaifinsa ya buɗe ido yana jan zuga-zugi, a nan kuma furfura ta same shi. Zobba da awarwaro yake ƙerawa, kuma yawancin masu zuwa wurinsa Fulanin karkara ne.

Cikinsu akwai Dabo, makiyayi daga wata ruga can bayan Batagarawa. Wata Talata ya shigo, bayan doguwar gaisuwa ya kwance bakin rawaninsa ya fito da wani ɗan dutse da bai fi ƙwayar wake ba, kore shar.

"Malam, kunna mani ashana," in ji Dabo.

Suka matsa lungun rumfa inda rana ba ta kai. Da wutar ashana ta haske dutsen sai ya koma ja kamar zoɓo. Sammani ya yi salati, ya fita da shi rana, dutsen ya sake zama kore.

"Babana ya samo shi a Makka hannun wani mahajjaci," in ji Dabo. "Ka ɗora mani shi bisa zobe, na ɗiyata Hawwa ne. In na sauko bayan girbi sai in amsa."

Sammani ya zauna ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Sai da azurfar ta huce sarai sannan ya dasa dutsen, don kada zafin wuta ya taɓa shi. Girbi ya zo ya wuce, Dabo bai zo ba. Daga baya labari ya iso cewa 'yan bindiga sun faɗa wa rugar, sun kore shanun, Dabo ya bi sawun dabbobinsa cikin daji, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Iyalinsa kuwa sun watse.

Sammani ya rufe rumfa ya hau mota zuwa Batagarawa. Ya bi masu gudun hijira ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Wata tsohuwa ta ce kawun Hawwa ya ƙetara da ita Nijar. Wani ya ce a'a, Bauci suka nufa. Ya yi ta komawa har masu motar suka san shi, bai samo ko sunan garin da za a nema ba.

Wani dillalin duwatsu daga Jos ya taɓa ganin zoben. Ya ce sunan dutsen alezandarait, a ƙasar Rasha aka fara gano irinsa, kuma mutum kan ƙare rayuwarsa a wannan sana'a bai riƙe na gaske ba. Ya nemi a sayar masa.

"Alhaji, da nawa ne da mun yi magana," in ji Sammani.

Duk Juma'a yakan wanke zoben da ruwan ɗumi da sabulu, ya goge da tsumma mai laushi, ya naɗe shi shi kaɗai, domin taurinsa yana karce sauran duwatsu. Ana haka idanunsa suka fara dushewa. A asibiti aka ce hawan jinin ido ne, an makara. Ya bar ƙira.

Matarsa Rashida ta ce, "Malam, ka kai wa mai unguwa ka huta mana."

"In na kai, wa zai ci gaba da cigiya?"



Yanzu a ƙofar gida yake wuni kan tabarma. Da ya ji muryar masu tallan nono sai ya ɗaga kai ya kira su. Sun saba da shi, har sukan riga shi magana.

"Baba, ba labari tukuna."

"To, Allah shi sa mu ji alheri," in ji shi. "In kun haɗu da mutanen wajen Batagarawa, ku ce Hawwa ɗiyar Dabo nake cigiya."