Tara da Minti Arba'in

Shekarar da na cika arba'in na ɗaura aniyar daina ƙarya, babba da ƙarama. Na ɗauka abin wasa ne, don ni a ganina ba maƙaryaciya ba ce. Ashe kullum da ƙarya nake buɗe aiki, har da sa hannuna a gefenta.

A ofishinmu akwai rajista a teburin bakin ƙofa, inda kowa yake rubuta sunansa da lokacin da ya iso. Ni daga Lugbe nake tasowa, kuma wanda ya san gosulon hanyar filin jirgi da safe ya san sai mai rabo yake isa cikin gari ƙarfe takwas. Sai muka yi wa kanmu dabara: ka duba abin da na samanka ya rubuta, ka ƙara minti ɗaya. Ko da hantsi ka shigo, a takarda takwas ba ta yi ba.

Wata Litinin na iso tara da minti arba'in. Na samana ya rubuta takwas saura biyar. Na riƙe biro, na rubuta tara da arba'in.

Na manta da mutum bakwai da za su zo bayana, waɗanda yanzu ba damar su koma takwas saura a ƙarƙashin layina. Kafin azahar ofis ya ɗauka. Ƙawata, wata 'yar Filato da muke cin abincin rana tare, ta zo ta tsaya a kaina.

"Hajiya, wannan wane irin wickedness ne? Kai kaɗai ne mai tsoron Allah a nan? Ka sa mu duka a wahala!"

Na ce, "Ban rubuta lokacin kowa ba. Nawa na rubuta."

Daga ranar suka koyi barin gurbi. Wanda ya riga zuwa sai ya tsallake layuka don abokansa, ni kuwa sunana ya koma can ƙasa shi kaɗai. A takarda na zama ni ce kawai mai makara a sashen nan kaf. Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Na koma fita ana idar da asuba, ko karyawa ban yi ba. Makarar ta ragu, amma ranar da gosulo ya ci ni, sai in rubuta yadda ya ci ni.

Ana nan lokacin ƙarin girma ya zo, ni kuwa shekarata shida a mataki ɗaya. Oganmu, dattijo mai kirki, ya kira ni ofishinsa. Ya buɗe rajistar, ya turo mini 'yar kwalbar farin ruwan goge rubutu.

"Madam, kwamiti zai duba wannan gobe. Kwana goma sha ɗaya ne kawai. Ki goge, ki gyara, case closed. Ki taimaki kanki mana."

Wallahi ina son ƙarin girman nan kamar in yi kuka. Na daɗe ina kallon kwalbar. Sannan na tura masa abarsa.

"Ranka ya daɗe, na makara a kwanakin nan. Ba zan goge ba."

Da aka liƙa sunaye, nawa babu. Na ƙawata yana nan, ita da ba ta taɓa shigowa kafin goma ba. Na shiga banɗaki na yi kukana mai isata, na wanke fuska, na fito na yi mata murna. Ta riƙe hannuna, ta ce, "To Hajiya, gaskiyan nan naka, me ya ba ka?"

Na ce mata bai ba ni komai ba, kuma ba sayarwa na kawo shi ba. Har yau ina kan wannan mataki, yaran da na koya wa aiki su nake gaisarwa da oga. Yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ko gobe aka sake turo mini kwalbar nan, a rufe za ta koma.